Dokin da Ya Riga Maigidansa Isowa Gida

Akwai wani mutum, manomi, yana da doki guda ɗaya mai furfura-furfura a jiki, ana kiransa Bidi. Shekara ashirin da biyu suna tare. Bidi ne ya kai shi gona, shi ya kai shi kasuwa, shi ya ɗauko ungozoma a guje ranar da aka haifi autansa.

Mutumin nan kuwa Allah ya yi shi da gyangyaɗi. Ranar kasuwa, in ya ci ya ƙoshi ya hau sirdi, kafin su wuce tsamiyar bakin gari kansa ya fara rausaya. Bidi bai damu ba. Sai ya bi hanyarsa a hankali, ya ratsa rafi, ya kewaye gonakin mutane, ya zo ya tsaya cak a ƙofar gida, ya yi haniniya. Sai matar mutumin, mai suna Afiniki, ta fito ta ce, "Maigida, sauko, an kawo ka." Shi kuwa maimakon ya ji kunya, abin ya zame masa abin fahariya. Duk inda ya zauna sai ya ce, "Dokina ko a ƙarshen duniya ka ajiye shi, gida zai zo."

Ana nan, ana nan, tsufa ya kama Bidi. Haƙoransa suka cinye, har ciyawa ta gagare shi tauna. Gwiwoyinsa suka kumbura. In ya kwanta ba ya iya tashi, sai an kira maƙwabta huɗu da sanduna sun ɗaga shi, yana nishi irin wanda ba ka so ka ji sau biyu. An yi jiƙo, an yi shafi, an yi ɗauri, duk a banza. Kowa ya gane kwanan Bidi ya ƙare. Abin da ya rage shi ne yadda zai tafi, cikin azaba ko cikin sauƙi.

Wani maƙwabcinsu maharbi, mai suna Dogara, ya zo da bindigar da ya gāda wurin kakansa. Ya ce, "Maƙwabci, ba ni shi. Harbi ɗaya, an gama."

Afiniki ta leƙo daga madafa ta ce, "Da wace bindiga, Baban Rahila? Wadda ka auna zabuwa da ita ka fasa mini randa?"

Dogara ya sosa ƙeya, ya ce ai ran nan iska ce. Amma kowa ya sani bindigar nan sai ta yi shawara kafin ta tashi, in kuma ta tashi ba a san inda za ta sauka ba. Haka ya saɓa abarsa ya koma.

Da ya tafi, Afiniki ta ce wa mijinta, "Akwai malamin dabbobi a cikin gari, Malam Filibus. Allura yake yi, dabba ta yi barci, ba za ta ƙara tashi ba. Sai dai sharaɗinsa ɗaya ne: mai dabba ya zauna ya riƙe mata kai har a gama."

Mutumin ya zabura. "Ni? In zauna ina kallo Bidi ya mutu a hannuna? A'a, uwargida, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Kin san ni da tausayi."

Sai ya yanke shawara zai yi yadda mutanen dā suke yi da tsohuwar dabba, wato a kai ta daji, a kwance mata igiya, a juya baya. Ya ce wa matarsa, "Zan kai shi fadama mai ɗanyar ciyawa da ruwan sanyi, ya ƙare kwanakinsa a sake." Zancen kuraye da ungulu kuwa bai bari ya shigo masa zuciya ba.

Da gari ya waye ya ja Bidi, suna tafe suna hutawa, har suka kai fadamar. Ya cire masa ragama, ya shafa wuyansa, ya juya yana hawaye. Don kada dokin ya biyo shi, sai ya yi dabara: ya bar hanyar gida, ya kewaya ta bayan dutse, ya ratsa ta wani ƙauye, ya zauna wurin wani abokinsa, aka dama masa fura. Da ya sha ya ƙoshi, kun dai san halinsa, barci ya kwashe shi a gindin bishiya. Sai da la'asar ya kama hanyar gida, ƙafafu sun yi tsami, yana tafe yana gaya wa kansa cewa yau ya yi aikin jinƙai.

Yana karyo kwanar gidansa, wa zai gani a ƙofa? Bidi! Yana tsaye daidai wurin da ya saba tsayawa, Afiniki na riƙe masa ƙwaryar ruwa. Da dokin ya hango shi sai ya yi wata 'yar siririyar haniniya.

Afiniki ta ce, "Maigida, sannu da zuwa. Yau bai samu ya kawo ka ba, shi ne ya zo ya jira ka."

Dariya ta ƙwace wa mutumin, har ya dafa bango. Ashe ya manta da abin da shi da bakinsa ya yi shekara ashirin yana fahariya da shi. Amma da ya matso kusa, dariyar ta tsaya. Gwiwoyin Bidi biyu sun kurje suna jini, ƙuda ya rufe su. Gefen jikinsa duk taɓo ne. Ya faɗi a hanya ke nan, ba sau ɗaya ba, babu maƙwabta, babu sanduna, ya yi ta fama shi kaɗai har ya tashi, don dai ya zo gida.

Afiniki ta ajiye ƙwarya, ta ce a hankali, "Ka ce ciyawa ka kai shi. Da wane haƙori zai ci? Maigida, tausayin wa ka ji yau, nasa ko naka?"

Kunya ta rufe mutumin, baƙin ciki ya cika masa ciki. Ya ɗebo ruwan ɗumi da kansa, ya durƙusa ya wanke gwiwoyin dokinsa.

Kashegari ya tafi gari da ƙafa, ya zo da Malam Filibus. Afiniki ta dama dusa da kanwa ruwa-ruwa, abincin da Bidi ya fi so, ya sha iyakacin abin da zai iya. Sa'an nan ya kwanta a inuwa kusa da turkensa. Mutumin ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan dokin a cinyarsa.

Malam Filibus ya ce, "Baba, allura biyu ce. Ta fari za ta sa shi barci, ta biyu ba zai ma san da ita ba. Amma ni bai san ni ba, tsorona zai ji. Ka yi masa magana, muryarka ya sani."

Mutumin ya shafa goshin dokin, ya ce, "Bidi, kullum kai kake kawo ni ina barci. Yau ni ne a farke. Yi barcinka, mun iso gida."

Bidi ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi, jikinsa ya saki. Ko shure-shure bai yi ba.

Malam Filibus ya ce a haƙa rami mai zurfi, don kada karnuka da ungulu su ci naman, maganin ya kashe su. Maƙwabta suka fito da fatanya da shebur. Dogara ne ya fi kowa haƙa, bindigar kuma ya bar ta a gida, Afiniki ta yi masa godiya a kan duka biyun. Mutumin ya yi kuka ran nan, amma ya ce zuciyarsa wasai take, ba kamar jiya ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, tausayi iri biyu ne, kuma a ido suna kama da juna. Akwai tausayin da ke cewa, "Ba zan iya gani ba." Mai wannan, tausayin kansa yake ji. Yana hawaye, amma ƙafarsa na tafiya. Akwai kuma tausayin da ke cewa, "Ba zan bar shi shi kaɗai ba." Wannan ne na Allah.

Ku ji ni da kyau, ban ce a yi wa mutum abin da aka yi wa doki ba. Ran mutum a hannun Mahaliccinsa yake, ba wanda aka ba ikon taɓa shi. Dabba kuwa amana ce a hannunmu, in wahalarta ta kai inda babu magani, a nemi wanda ya san aikin, a sauƙaƙa mata, kada a jefar da ita.

Amma Bidi yana nan a cikin ikilisiyarmu. Shi ne tsohuwar nan da ta goye ka, yanzu ba ta gane fuskar kowa. Shi ne dattijon da ya koya mana waƙoƙi, yau wata shida yana kwance. Sai ka ji mutum ya ce, "Ni ba na zuwa gaishe shi, ba na son in gan shi a wannan hali." Ya aika da kwanon abinci, ya kewaya ta bayan dutse, ya ce ya yi jinƙai. Fadamarsa ke nan mai ɗanyar ciyawa.

Ubangijinmu Yesu bai tsaya daga nesa ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya sauko inda muke, ya taɓa masu ciwo da hannunsa, ya zauna da mu har ƙarshe. Saboda haka, in an tashi daga sujada yau, kowa ya tuna da wanda ya ɗauke shi lokacin da yake barci. Ka tafi ka zauna kusa da shi. Ko ba ka da abin faɗa, ka riƙe hannunsa ka kira sunansa, gama muryarka ya sani.