Yadda Gardamar Baftisma Ta Cinye Sumar Baba Direba

Akwai wani mai aski a bakin wata kasuwa, mutumin kirki, hannunsa da sanyi, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ɗan cocin Baptis ne, ya san Littafi Mai Tsarki kamar yunwar cikinsa. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shiga hannu. Kafin ya gama gefe guda ya lissafa maka duk inda cocinku ya saki hanya. Wa zai ja da mai riƙe da reza? Shi ya sa aka laƙaba masa Fasto Almakashi.

'Yarsa ta fari ta samu wanda take so. Yaro ne mai hankali, makaniki ne ko mai gyaran firji, ya kwanta mini, aikin dai mai baƙanta hannu ne. Amma ɗan Katolika ne. Mahaifinsa, wani tsohon direban bas da ake kira Baba Direba, ya ce ba zai sa baki a maganar aure ba sai ya ga uban yarinya da idonsa.

Ranar da zai zo, matar mai aski ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Baban yara, yau ka ɗinke bakin nan. Idan ka kori wannan kamar yadda ka kori mai kemis, ni da kai ne."

'Yar kuma ta riƙe masa hannu. "Baba, gaisuwa kawai. Don Allah."

Ya yi alkawari.

Da hantsi sai ga Baba Direba, dattijo mai suma fara sol, a taje tsaf. Ya zauna ya ce, "Gefe da gefe kawai za ka rage. Wannan sumar ita kaɗai ƙuruciya ta bar mini."

Mai aski yana ɗaura ƙyalle sai ya hango carbi mai gicciye a wuyan dattijon. Ayoyi suka taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye su, ya kunna injin aski.

"Yau ana zafi," in ji Baba Direba.

"Uhm."

"Ya kasuwa?"

"Uhm."

Dattijon ya dube shi ta madubi. "Ɗan'uwa, an ce mini ko kurma ya zauna a nan sai ya sha wa'azi. Ni ne ban isa a yi magana da ni ba? Idan ɗana ne ba ka so, faɗa mini in tashi, ba a dole."

Mai aski ya ga gaba kura baya sayaki. Shirun da aka sa shi yana neman kashe auren. Sai bakin ya ɓalle.

"Ba ƙi ba ne, Baba, jikokina nake tunani! Ku ɗauki jariri, bai san damansa da hagunsa ba, ku yayyafa masa ruwa kamar mai guga da riga, ku ce wai an yi baftisma!"

Baba Direba ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku kuma ku kama ƙato ku dulmiya shi kamar wanki."

"Ai haka aka rubuta! Mutum ya nutse ƙasa, ya taso sama. Haka!"

Ya manta inji na hannunsa. Inji ya nutse ƙasa, ya taso sama. Daga goshi har tsakar ka, hanya ta buɗe fetal, wadda ko bas zai bi ba tare da ya rage gudu ba.

Farar suma ta zubo a kan ƙyalle. Mai aski ya kashe inji. Ba abin da yake gani sai fuskar 'yarsa.

Baba Direba ya dubi madubi. Ya shafa wurin ya ce, "To, na ga yadda ake yi. Saura ka gaya mini dalili. Amma ajiye wannan abin tukuna."

Mai aski ya jawo benci ya zauna. Bai taɓa yin maganar addini a zaune ba, sai muryarsa ta sauko da kanta. Ya ce shi da girmansa aka yi masa baftisma, bayan ya sha yawon banza. Ya tuna sanyin ruwan, ya tuna yadda ya furta da bakinsa cewa Yesu ne Ubangijinsa. "Wannan ranar ce ke riƙe ni idan na so komawa gidan jiya. Ita nake so wa jikokina."

Dattijon ya jinjina kai. "Wannan ban taɓa jin sa haka ba. Ni tawa ban san an yi ba, an ce ma barci nake. Ka ba ni sha'awa."

Sai mai aski ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago. Ya yi tambaya.

"Ku fa, Baba, me ya sa kuke gaggawa?"

"Da aka haifi 'yarka, ka jira ta iya cewa tana jin sanyi kafin ka lulluɓe ta? Haka muka ɗauki alherin Allah. Shi yake fara zuwa, tun ba mu iya neman sa ba. In yaro ya girma, sai ya tsaya gaban jama'a ya amsa da bakinsa."

"Au, kuna da wannan?"

"Muna da shi. Ba ka taɓa tambaya ba ne."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban yarda ba har yanzu. Amma na fasa maganar mai guga."

"Ni ma na janye wanki."

Suka yi ta yi har rana ta take, wannan ya kawo aya, wancan ya kawo tasa. Akwai wata daga littafin Ayyukan Manzanni da suka daɗe a kanta, ina jin ta mai gadin kurkukun nan ce da aka yi wa baftisma shi da dukan gidansa. Ba wanda ya ja wani zuwa cocinsa. Maganar jikoki kuwa suka bar wa masu haihuwar su.

Daga ƙarshe ba yadda za a yi da sumar, aka aske ta tas. Baba Direba ya miƙe, kai yana ƙyalli, ya ce, "Ka gaya wa mutanen gida muna nan zuwa neman aure. Mutumin da zai aske ni saboda jikokin da ba a haifa ba, ba zai wulaƙanta ɗana ba."

Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Ba mu taɓa maganar Maryamu uwar Yesu ba fa, suruki. Zan dawo. Amma a gida, inda ba reza."

Darasi: Zagin abin da ɗan'uwanka ya gaskata ba ya kawo zumunci, yi masa shiru ma ba ya kawowa. Ka faɗi dalilinka a hankali, ka tambayi nasa, ka saurara har ya gama. Ba dole ku yarda da juna ba kafin ku girmama juna. Ku tura wa 'yan'uwa na kowace ɗarika, musamman wanda kuka san bakinsa ya fi kunnensa aiki.