Ƙullin Salifu Mai Magani

Akwai wani mutum, Salifu, ɗan Damagaram, da ke sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwar Tamanrasset, a ƙasar Aljeriya. Mutum ne mai cika baki, babu cutar da zai yarda ta gagare shi.

Wata rana Badaru magini, ɗan garinsu, ya tsugunna gabansa ya rage murya. Yana da farfaɗiya tun yarinta, amma shekara biyu ke nan bai faɗi ba, saboda ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai.

"Malam Salifu, na gaji da haɗiyar ƙwaya kullum."

"Zubar da ita! Ga ƙulli, ka jiƙa safe da yamma. Wata ɗaya an gama."

Badaru ya bar ƙwayar. Ranar kwana tara ya dawo karɓar ƙarin ƙulli. Suna cikin gaisawa ya sandare, ya kife, goshinsa ya bugi dutse. Jiki na karkarwa, kumfa na fita.

Mutane suka dare. Salifu ya daskare a tsaye, ya rasa abin yi.

Tsohuwa Raihana, mai kawo busasshen ganye daga ƙauyen Idlès, ita ta taso. Ta naɗe mayafinta ta tallafe masa kai, ta juya shi gefe, ta hana wani cusa masa cokali a baki.

Da abin ya lafa, ta dubi Salifu.

"Ɗana, shekara arba'in ina tsinkar ganye. Ban taɓa ce wa mai wannan ciwo ya bar maganin likita ba."

Aka kai Badaru asibiti, Salifu na biye da ƙullin. Wata likita ta kwance shi ta shinshina.

"Magunguna da yawa daga tsirrai aka samo su, amma sai da aka gwada. Wannan mene ne a ciki?"

Daga hannun wani direba Salifu ya saye shi, ko sunan bishiyar bai sani ba. Gumi ya jiƙe masa riga.

Ya ƙarasa gadon Badaru, idonsa a ƙasa.

"Ƙarya na yi maka, ɗan'uwa. Ka yafe ni."

Badaru ya shafa ɗinkin goshinsa.

"Na yafe. Amma jiya war haka ina saman bene hawa uku, Malam Salifu."

Salifu ya sulale ya zauna a ƙasa.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" ya fi wasa da ran mutum. Mai farfaɗiya kada ya bar maganinsa sai da izinin likita. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila a ceci wani.