Makiyayin da Bai Jira Laka Ta Kwanta Ba

Akwai wani mutum makiyayi, shanunsa bakwai, ga shi da gaggawa kamar wanda ake kora. Ran nan ya iso bakin kogi zai ƙetare, hadari kuwa ya haɗo daga gabas. In ruwa ya sauka kogi zai cika, shi kuwa bai san mashigi ba. Ya kai, ya kawo, ya dubi sama, ya dubi shanu.

Sai ya ga wata tsohuwa mai ginin tukwane tana ɗiban yumɓu. Ya ce, “Sannu, Iya. Nan wurin zai ɗauki sa?”

Ta ce, “Ni ce kogin? Ungo ƙwarya. Shiga ruwa iya gwiwa ka kamfato ƙasar gindi, ka dama, ka ajiye. Tsakuwa za ta fara kwantawa, sai yashi, laka ce ta ƙarshe. In laka ta fi yawa, nemi wani mashigin.”

Ya ɗebo, ya dama. Nan da nan tsakuwa ta zauna, yashi ya bi ta. Ruwan dai jawur yake. Aka yi tsawa, ya miƙe zumbur.

“Iya, ai na gani, yashi ne!”

“Ɗan nan, ɗuwawunka ƙaya gare su? Zauna ruwan ya washe.”

Ina! Ya kife ƙwaryar, ya kora shanu. Ba su kai tsakiya ba bajimin cikinsu ya kafe a laka har ƙirji. Makiyayin ya ja shi, ya doke shi, ya yi kururuwa. Shida suka komo gaci. Ruwa ya sauko, kogi ya tafi da bajimin.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙwaryar nan zuciyarku ce. Tsakuwa manyan zunubai ne, sata da kisa, makaho ma ya san da su. Kun duba kun ce, “Ba ni da su,” kun tashi. To, laka fa? Hassada, gunaguni, ƙananan maganganu a bakin rijiya. Ba sa nuna kansu sai mutum ya natsu a gaban Ubangiji. Ku kuwa ba a kai “Amin” ba kun riga kun laluba takalma. Jikokina, ku bar mutsu-mutsun nan. Ku zauna a addu'a har Ruhu Mai Tsarki ya nuna muku abin da ke ƙasa, tun ba ku taka ba.