Ruwa a Bakin Maƙabarta

Ku aje wayoyin nan ku dube ni. Kai Sabi'u, da kake cika mana kunne wai kana karanta shari'a, yau ga ranarka. Zan ba ku labari, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya yanke mini hukunci.

Akwai wani gari, Kwarin Giginya, sunansa ma ya faɗi inda yake: cikin kwari, gulbi yana bisa kansa. Abin da ya raba mutane da ruwa wata madatsar ƙasa ce da kakanni suka tara. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, sama ta ƙi ɗaukewa, gulbi ya cika ya batse. Madatsa ta tsage, ta fara yoyo. Hanyar fita gari ta riga ta nutse, ɗan tudun da suke da shi kuwa bai isa ɗaukar ko unguwa guda ba. Kowa ya san in ta ɓalle, tsofaffi da ƙananan yara ba su tsere wa ruwa.

Dabara ɗaya ta rage, a haƙa wa ruwan hanya ya zube fadama. Wurin haƙar kuwa biyu ne: ko ta yamma, cikin lambun dagaci, ko ta gabas, tsakiyar maƙabarta. Dagaci ya ce gabas. Nan take gari ya ɗauka: "Wato mangwaronsa ya fi iyayenmu daraja?" Samari suka kwashi sanduna da adduna suka tare bakin maƙabarta. Liman Sambo ya miƙe a masallaci ya ce kabari mallakin mai shi ne har tashin ƙiyama, karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne da rai, duk wanda ya halatta tono ba shi ba shi.

Wanda gari ke jin maganarsa a irin wannan, Malam Maccido, yana kwance. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye, sai ido. Sai manyan ɗalibansa uku suka rage a zaure, Hambali da Ukasha da Ɗalhatu, ruwa kuwa ba ya jiran Malam ya warke.

Hambali ya ce shi ba ya magana a kan abin da bai gani ba, gani ya kori ji. Ku sani, dagacin nan shi ya taɓa ƙwace gonar uban Hambali, tsoho ya mutu da baƙin cikin abin, gari duka ya sani. Da Hambali ya buɗe baki ya ce yamma, kafin azahar an tashi lambun, har a yi masa guɗa. Sai ya tuɓe riga, ya ɗauki gora, ya shiga ruwa iya ƙirji. Ya bi yamma yana caka ƙasa, ya bi gabas yana cakawa. A wani lungu igiyar ruwa ta fizge shi ta maka shi da kututture, ya sha ruwa har aka fid da rai, reshen giyayya ya cece shi. Ya fito yana tari, ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Wallahi na so a ce ta lambun nan ce. Ba ta nan ba ce. Lambun tudu ne, ƙasansa dutse, ruwa ba ya hawa. Kuma in madatsa ta ɓalle, maƙabarta ce farkon abin da zai ci." Da wani ne ya faɗa, da an ce dagaci ya saye shi. Da yake Hambali ne, kowa ya yarda.

To an san gaskiyar ƙasa, amma hukunci yana nan inda Liman ya aje shi. Ukasha kuwa 'yar Liman yake aure. Ku na yanzu da kuke cin abinci kwano ɗaya da surukanku kuna hira ba za ku gane ba. A wancan wuri mutum ko ido ba ya haɗawa da uban matarsa, balle ya ja da shi a gaban malamai. Ukasha ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Liman da sauran malaman gari, kansa a ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da aka faɗa haka yake. Sai dai ina tambaya, don me aka hana tono? Ba don mutuncin mamaci ba? In mun bar su ruwa ya watsa ƙasusuwansu cikin fadama, mun kiyaye mutuncin ko mun tozarta shi?" Daga nan ya jero abin da ya karanta, cewa magabata sun yarda a ɗauke mamaci in ana tsoron ruwa zai ci shi, kuma in ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka. Bai tsaya nan ba, ya ɗaure fatawar da sharuɗɗa, don lalura gwargwadonta ake aunawa: waɗanda ke kan hanyar ruwa kaɗai za a taɓa, kowa danginsa ne za su tono shi, ba a karya ƙashi, ba a leƙe, a sa sabon likkafani a kai tudu. Malamai suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka ce ya yi daidai. Liman ya ɗauki sandarsa ya fita. Kafin Ukasha ya isa gida an zo an tafi da matarsa.

An sami fatawa. Sabi'u, na ga kana gyaɗa kai, kana ganin magana ta ƙare ko? Haka duk masu littafi kuke. Aka karanta fatawar a bakin maƙabarta, ba wanda ya motsa. Kowa ya yarda da ita a kan kabarin wani. Ga ruwa ya fara shiga gidajen gangare, mata na ta kururuwa suna ɗora yara bisa katanga.

Ɗalhatu shi ne mafi ƙarancin karatu a cikinsu, shi da kansa yana faɗa. Kabarin farko a kan hanyar ruwan na mahaifiyarsa ne, a daminar nan aka binne ta, ƙasar ko kwantawa ba ta yi ba. Ya saɓi fartanya ya nufi wurin. Wansa Maikano ya sha gabansa da adda ya ce, "Ka taɓa Inna, sai na sare ka." Ɗalhatu ya ce, "Yaya, sare ni. Amma ka bari in kai ta tudu tukuna. Ka manta Inna ko jirgi ba ta shiga don tsoron ruwa?" Ya kafa fartanya. Maikano ya kai sara, adda ta sauka a hannun hagu, jini ya tsinke. Ɗalhatu bai ɗago ba, ya naɗe hannun da rawani ya ci gaba da na dama, da ya kusa itacen kabari ya aje fartanya ya koma yaƙutar ƙasa da yatsu, yana kuka yana salati. Ni duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye. Maikano ya yar da adda, shi ya kama kan makara. Sauran mutane suka zubar da sanduna suka nemi fartanyoyi.

Aka kwashe na kwashewa, aka haƙa, aka buɗe wa ruwa baki. Ya bi ta gabas yana ruri, madatsa ta tsaya da ƙyar. Ko akuya ba a rasa ba. Sai dai Hambali bai rabu da tari ba, hannun Ɗalhatu bai sake miƙewa ba, matar Ukasha kuwa har aka yi girbi tana gidan ubanta.

Ruwa bai gama janyewa ba Malam Maccido ya cika, bai iya nuna wanda zai gaje shi ba. Buzun da yake zama a kai ya ba da fatawa guda ne, garin kuma ba ya karɓar hukunci daga baki biyu. Wasu suka ce Hambali, don hukuncin da ba a san gaskiyar lamari ba harbi ne a duhu. Wasu suka ce Ukasha, don ba da fatawarsa ba, abin da aka yi sunansa tonon kabari. Wasu suka ce Ɗalhatu, don fatawar da ba mai aikata ta yawun baki ce kawai. Su ukun suna zaune a zaure, kowa ya ƙi kallon buzun. A ƙofa kuwa ga masu shinkafar da ruwan ya shafe a fadama sun yi cincirindo, suna tambaya wa zai ji kukansu, tunda da gonakinsu aka fanshi gari.

To, ku da kuka iya gardama, mutane suna tsaye a ƙofa suna jira. Wane ne a cikin ukun nan za ku ce ya hau buzun?