Tumatirin Ko-dai da Alƙaluman Aro

Yabo ya tabbata ga Allah da Yake ɓoye zaɓaɓɓun bayinSa a cikin jama'a, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta. Shehinmu, masanin Allah, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda na daɗe a gefen buzunsa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko da a kan irina da ake maimaita wa babi ɗaya har a gaji. Abin da zan ba da labari a kan ɗan yayata ya faru, kuma ganau ne ni ba jiyau ba.

Saurayin yana shekarar ƙarshe a kwalejin aikin gona. A gida Ko-dai muke kiransa, domin ko takalmi zai saya sai ya tambayi kowa har mai gadi, ya dawo yana "ko dai baƙin, ko dai jan?" Aikin kammala karatunsa gwajin taki ne a kan tumatir, a tukwanen roba cikin wata rumfar raga. Kwatsam shukar ta soma nannaɗe ganye tana bushewa, ga ranar kare aiki a gaban malamai ta matso. In babu sakamako sai maimaita shekara, alhali yayata, wadda ita kaɗai ta riƙe shi tun rasuwar ubansa, ta gama gaya wa dangi bana ɗanta zai fito. Abokai suka yi masa caa, wannan ya ce ƙara taki, wancan ya ce sake aiki, wani kuma ya tono masa tsohon binciken wata makaranta ya ce ya kwashe alƙaluman, wa zai sani? Wannan ta ƙarshen ya ɓoye mini ita.

Da na ga ya rame, tausayi ya kama ni, na ja shi wurin Shehi bayan la'asar, na faɗa masa halin da shukar take ciki. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ku zaɓa mini kawai, kaina ya kulle."

Shehi ya ɗan yi murmushi ya ce, "Me ya kashe shukar?"

"Ina jin ko rana ce, ko dai takin."

"Abin da ka ji daban, abin da ka gani daban. Yaushe kake zuwa wurin?"

"Da yamma, in mun fito aji."

"Gobe ka je da safe ka zauna, kada ka taɓa komai. Hanyoyin da aka ba ka kuwa, wadda ba za ka iya faɗa wa mahaifiyarka ba ka fitar da ita, sauran ka auna, ka yi istihara, ka yanke da kanka." Sannan ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa, "Kayan aron nan kuma, mai su tana tafe."

Ni ban gane ba. A hanya Ko-dai ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, wallahi ban gaya wa kowa ba," sannan ya fayyace mini komai.

Washegari ya zauna a rumfar, sai ga 'yan wani ajin sun dawo daga feshin maganin ciyawa, suka tsoma injin feshinsu a duron da yake ɗibar ruwan ban-shuka suka ɗauraye, ba da wata mugunta ba. Ashe da hannunsa yake shayar da tumatirin guba. A ranar, ba tare da ya tambayi ko mutum ɗaya ba, ya sami malamin da ke duba aikinsa ya ce zai sake shuka da ruwa mai tsabta, ya auna girman tsiro kawai tunda lokaci ba zai kai ga 'ya'ya ba, ya kuma rubuta yadda na farkon suka mutu. Malamin ya ce makin zai ragu. Ko-dai ya ce ya ji ya gani.

Ranar kare aiki, an gayyato wata baƙuwar malama daga nesa don ta yi musu jarrabawa. Da aka ambaci sunanta sai Ko-dai ya tuna maganar Shehi, domin shi ne sunan da ke bangon tsohon binciken nan. Ta yi masa tambayoyi masu zafi, ya amsa da abin da idonsa ya gani, ya ci da matsakaicin maki. Yayata ta yi kukan murna.

Muka garzaya wurin Shehi muna rige-rigen ba da labari, ni ina ta "karama ce, wallahi karama ce!" Bai ko bi ta kaina ba. Ya dubi saurayin ya ce, "'Yan bayanka da za su yi shuka baɗi, ka raba musu duro da masu feshi?" Ko-dai ya miƙe a take ya nufi makaranta.

Haka bayin Allah na gaskiya suke, a buɗe musu abin da ke ɓoye, su kuwa hankalinsu yana kan amfanin wanda bai ma san da su ba. Allah Ya ja kwanan Shehinmu, Ya ɗaukaka darajarsa, Ya ba 'ya'yanmu basirar rarrabe zato da gani, Ya yayyafa mana albarkarsa duniya da lahira, amin.