Surukar da Take Ajiye Tuwo Ta Gudu

Akwai wani tsoho manomi a wani ƙauye, wanda ƙarfinsa ya ƙare, yanar ido kuma ta rufe masa gani har ba ya bambanta kome sai haske da duhu. Matarsa ta rasu da kaka. Ba a daɗe ba ɗansa ya yi aure, ya kawo matarsa cikin gidan, ya ce mata ga Baba nan, cinsa da shansa suna hannunta.

Yarinyar nan mai ladabi ce, an kuwa hore ta tun a gidansu cewa mace ba ta sakewa a gaban surukinta. Saboda haka in ta gama girki takan zuba na tsohon a kwano mai murfi, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofarsa, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Baba, ga abinci." Kafin ya gama sa mata albarka ta riga ta kai madafa. Ita take wanke masa kaya, ita take share ɗakinsa, amma sai ta jira ya fita shan hantsi tukuna.

Kullum kuwa kwanon yakan dawo mata kusan a cike. Loma biyu ko uku a gefen tuwon, shi ke nan. Tsohon ya fara ramewa, har rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Ɗansa ya tambaye shi ko abincin ne bai yi masa ba, ya ce a'a, abinci da daɗi, shi dai ba ya wuce masa ne. Aka kai shi asibiti, aka duba, aka ce ba a ga wata cuta ba, a dai lallashe shi ya ci.

Matar ta shiga damuwa ƙwarai. Ta sake miya, ta bar kuka ta koma kuɓewa, ta dama kunun gyaɗa, ta yi gwaten acca mai ruwa-ruwa saboda haƙoransa. Maƙwabciyarta, Mama Keziya, ta leƙo ta kan danga tana tsokanarta, wai ko amarya ta manta gishirinta a gidan uwarta ne. Ta ɗanɗana miyar kuwa, ta ce ita kam ba ta ga laifinta ba, in tsoho ba ya so a miƙo mata ta danga. Matar ta yi dariyar dole. Da ta koma madafa sai hawaye, ta ce wa mijinta hayaƙi ne. Abin da yake ranta shi ne, kada dattijon nan ya mutu a hannunta da yunwa, ga abinci a gabansa.

Ana nan sai damina ta faɗi. Wata rana da azahar mijin yana gona, ya bar mata gyaɗar iri ta ɓare masa. Ta ga hadari ya haɗo, ta ce bari ta miƙa wa Baba abincinsa ta wuce rumfa da aikinta. Ta ɗauki kwano a hannu ɗaya, ƙwaryar gyaɗa a ɗaya hannun. Tana durƙusawa a ɗakin tsohon sai ruwa ya sauko da ƙarfi, da iska, har ba a ganin tsakar gida. In ta fita gyaɗar iri za ta jiƙe.

Ba yadda za ta yi. Ta raɓe a bayan ƙofa, ta ba tsohon gefe, ta sunkuyar da kai. Kunya ta hana ta motsi, sai hannuwanta suka kama ɓarar gyaɗa don kada su zauna haka nan. Ruwa yana ta zuba, gyaɗa tana ƙas, ƙas a cikin ƙwarya.

Can sai ta ji an buɗe murfin kwano. Ta ji tsohon ya yi godiya ga Allah a hankali, ya wanke hannu. Ba ta ɗaga kai ba, amma kunnenta yana wurin. Ya kai loma, ya ƙara, ya ƙara. Da ta saci kallo ta ga yana suɗe gefen kwanon da yatsa, sai ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar gyaɗar, ya ce, "Ashe mutum ɗana ya auro mini. Ni na ɗauka iska ce, sai dai in ji kwano ya sauka, takalmi ya tashi."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kunya nake ji."

Ya gaya mata cewa tun da ya yi aure bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Marigayiya matarsa takan zauna a nan inda ita surukar take zaune, tana tsince shinkafa ko tana ɗinkin tsumma, sau da yawa ba ta cewa kome, shi dai yana jin motsinta. Tun da ɗakin ya yi shiru, in ya kai loma sai ta tsaya masa a wuya. Bai faɗa ba don kada ya ɗora wa 'yar mutane nauyi.

Ta ce, "Baba, in na zauna ban san abin da zan ce maka ba. Ga aiki kuma."

Ya ce, "Wa ya ce ki yi magana, 'yata? Wa ya ce ki bar aikin? Ki kawo shi nan."

Daga ranar in ta kai abinci takan tafi da abin da yake hannunta, ko kuɓewar yankawa, ko waken tsincewa. Wata rana ya ba ta labarin gonar, wata rana ita ta faɗa masa tana kewar uwarta, wata rana kuma su yi shiru har ya gama. Kafin a yi girbi tsohon ya murmure, har yana fita majami'a da sandarsa. Ita ma ta daina jin kanta baƙuwa a gidan.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Tsohon yana nuna mana Allah Ubanmu, ko da yake Allah ba ya tsufa, ba ya makancewa, ba ya jin yunwa, misalin bai kai can ba. Abin da ya kai shi ne, yana marmarin zamanmu kusa da shi. Matar kuwa mu ne. Muna yi wa Ubangiji hidima da gaske, muna share majami'a, muna zuwa taron zumunta, muna ba da baiko, wato kyautar da ake kai wa Allah a majami'a. Amma addu'armu kamar ajiye kwano ce. Mu durƙusa, mu faɗi abin da muka saba faɗi, mu tashi da gudu. In muka ji zuciyarmu ta bushe sai mu ƙara aiki, kamar yadda ta yi ta sake miya.

Waɗansunmu kunya ce take hana mu. Mukan ce ba mu iya addu'a mai tsawo kamar ta matar fasto ba, ko karatunmu bai yi nisa ba. Waɗansu kuma suna jira sai ranar da aiki ya ƙare, ga shi yara ba sa bari, wanke-wanke ba ya ƙarewa. To, 'yan'uwa, Yesu ya koya mana mu kira Allah Uba. Ba surukai muke a gidansa ba da za mu riƙa raɓewa a bayan ƙofa. Shi kuwa yana nan a bakin rijiya, yana nan a gona, yana nan inda kike jijjiga yaro ya yi barci.

Gobe in kin tsuguna gaban murhu kina jiran ruwa ya tafasa, ki ce a ranki, "Uba, ga ni." In wata magana ba ta zo miki ba, kada ki damu, ki ci gaba da iza wutarki. Ya san kina nan.