Guguwa da Farar Ƙwallo

Akwai wani mai lodin rake a Makarfi, sunansa Uwaisu, amma a rumfar sinuka ba a san shi da wani suna ba sai Guguwa. Wasansu na agogo ne. Mutum ɗaya ke kan tebur, a danna agogon waya, ya zuba ƙwallaye duka a rami. Wanda ya fi saurin gamawa shi ya ci. Doka ɗaya ce mai tsauri: ba ka sake bugu sai farar ƙwallo ta tsaya cak.

Bayan girbi, wani ɗan kasuwa ya sa sabon tebur a matsayin kyautar gasa tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan. Teburin 'yan Makarfi kuwa ya yage, har da zare aka ɗinke shi. Sai suka ɗora burinsu a kan Uwaisu.

A wasan gwaji, Nehemiya, wani mai walda daga Ikara, ya kayar da shi. Mutum ne mai tumbi, yana zagaya tebur kamar mai duba gona. Abin ya tsaya wa Uwaisu a rai. Shi ke gudu, shi ke zufa, to ina lokacin yake tafiya?

Ya hau mashin har Ikara, ya same shi a shago. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba Nehemiya, tsakaninka da Allah, laya gare ka ko agogon ne ya san ka?"

Nehemiya ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen hannunsa. "Ni da laya? Taso mu je tebur. Amma kar ka kalli hannuna, farar za ka kalla."

Uwaisu ya zuba ido. Dattijon ba ya duka, taɓawa yake yi. Farar ta gangara kaɗan ta tsaya. Kafin ta tsaya ma ya riga ya isa inda za ta tsaya, ya sunkuya. Alli kuwa yana tafe yake goga shi a bakin sanda. Sai ya share gefe ɗaya kafin ya koma ɗayan.

"Kai fa," in ji Nehemiya, "kana maka ta kamar ɗaurin rake. Ta yi ta yawo bango-bango, kai kana tsaye kana huci. Rabin wasanka jira ne, ɗana."

"To me ya sa ka faɗa mini, alhali da ni za ka kara?"

"Faɗa ba wuya. Riƙewa ce aikin."

Uwaisu ya koma ya yi ta gwadawa, lokacinsa ya ragu ƙwarai.

Ranar gasa a Kudan, ɗan gida ya buga, Nehemiya ya wuce shi. Uwaisu ya karɓi sanda. A hankali, a hankali, ƙwallaye na faɗawa. Mai riƙe da waya ya leƙa, ya ce Uwaisu yana gaba nesa ba kusa ba. Saura baƙa kawai, ga ta a bakin rami, ko hura ta aka yi sai ta faɗa.

Nan 'yan Makarfi suka ɓarke. "Guguwa! Yau wasan tsofaffi kake mana? Fasa ta mu ji ƙara!"

Kansa ya kumbura. Ya ja sanda baya iya tsawon hannunsa, ya maka. Baƙar ta daki bakin rami ta dawo. Farar ta yi tsalle ta bar tebur, ta gangara waje, ta faɗa cikin robar wanke-wanken Mero mai awara.

Agogo bai tsaya ba. Kafin Mero ta gama faɗa, a tsamo farar, a goge mata kumfa, lokacin Nehemiya ya wuce.

Da yamma aka zo ɗora sabon tebur a motar 'yan Ikara. Aka rasa masu ƙarfin ɗagawa, Mero ta nuna Uwaisu da matsami. "Ga mai lodi nan, ai ƙarfi ne da shi." Shi ya kama ƙafa ɗaya.

Darasi: Tambaya tana kai mutum ga sani, amma sani ba ya amfanar wanda tafi ke juya masa kai. Masu ihun "fasa ta" ba su za su ɗauki asarar ba. In kana da ɗa ko ƙane mai rawar kai, tura masa wannan, ko da zai ji haushina.